Yaya Rifkatu da Matan Roma na Longsight

Shekara bakwai ke nan da muka binne Yaya Rifkatu, kuma har yau ban huce da waɗanda suka ce aikinta ba shi da amfani ba. Ba ciki ɗaya muka fito ba. Ita 'yar Kafanchan ce mai zuwa coci, ni Bakatsiniya ce da karatu ya kawo Manchester, amma a gidanta na unguwar Longsight na fara sauke akwatina, tun ranar kuma nake ce mata Yaya.

Aikinta shi ne shiga tsakanin asibitin unguwa da iyalan Roma. Ga wanda bai san su ba, al'umma ce da ta daɗe tana shan kora da wulaƙanci a Turai, na unguwarmu kuwa daga Romaniya suka zo. Kafin zuwanta, wasiƙa ake aika musu, in ba su zo ba a ce taurin kai ne. Ita sai ta riƙa bin su gida-gida. Ta koyi gaisuwarsu, ta gane sai an gaida tsohuwar gida kafin a nemi surukarta, ta kuma lura matansu ba sa zancen ciki ko haihuwa a gaban namiji, alhali tafintan da ake kawo musu namiji ne.

"Binta," ta ce da ni, "ai kunya ce irin ta gida. Wace mace ce a Katsina za ta faɗi ciwon mararta a gaban ƙaton da ba ta sani ba?"

Sai shekarun tsuke bakin aljihu suka shigo, ana ta rufe cibiyoyin yara, kowane ofishi na neman wanda zai sallama. A lokacin ne maganar Florica ta taso. Matashiya ce mai 'ya'ya uku da tsohon ciki. Ta daina zuwa awo, yaranta suka daina zuwa makaranta, wani ofishi da ba zan ambata ba ya fara shirin raba ta da su. Babu abin da 'yan Roma ke tsoro kamar wannan.

Yaya Rifkatu ta bincika, ta gano surukin Florica ne ya rasu a Birmingham, kuma a al'adarsu har na goye sai ya je zaman makoki. Ta hau jirgin ƙasa zuwa can, ta same su a unguwar Aston, ta yi musu ta'aziyya tukuna, sannan ta faɗi abin da ke tafe da ita. Ranar zaman yanke shawara kan yaran ta shigo da Florica da uwar mijinta da tafinta mace. Shugabar zaman ta ce mata wannan ba huruminta ba ne.

"To hurumin wa ne?" in ji ta. "Kun tura takarda gidan da babu kowa, cikin harshen da ba sa karantawa, kun ce sun ƙi amsawa. Ga ta nan zaune, ku tambaye ta."

Aka tambaye ta, ta amsa, yaran suka zauna da uwarsu. Bayan 'yan watanni aka soke gurbin aikin Yaya Rifkatu, wai wasiƙa da waya sun wadatar. Ta koma aiki gidan kula da tsofaffi, amma kowace Asabar tana bakin kasuwar Longsight tana karanta wa matan Roma takardunsu, har ciwo ya kwantar da ita. Ranar jana'izarta sun cika kujerun baya na cocin da dogayen siket ɗinsu, suna kuka da ƙarfi irin nasu, fasto bai hana su ba.

Yanzu ni ce ke karɓar marasa lafiya a wani ƙaramin asibitin unguwa a Birmingham, inda komai ya koma cike fom a waya. Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ana nuna mata allon kwamfuta. Na san dai ba za ta yi shiru ba.

A watan jiya aka ba ni sunan wani iyalin Roma, aka ce in cire su daga rajista don sun saɓa alkawarin zuwa sau da yawa. Na ce ba zan cire ba sai wani ya je ya ji dalili. Aka ba ni takardar gargaɗi, na karɓa.

Babu ginin da ke ɗauke da sunanta, waɗanda suka sallame ta ma wataƙila sun manta fuskarta. Amma ta bar mu, mu 'yan kaɗan da muka ga yadda take yi, kuma ba mu da sauƙin lanƙwasawa. Ban kai ta ƙarfin zuciya ba. Duk da haka, in gobe aka sake miƙo mini wani suna, amsar da na bayar ita zan sake bayarwa.