Malam Barmo Tafinta da Maƙwabcinsa na Ƙetaren Dutse

Ina bakin shingen Jibiya da hantsin Talata, ina duba kayan wasu Buzaye masu gishiri, sai ga Habu, babban ɗan Malam Barmo, ya tsaya a gabana babu sallama. Habu magidanci ne mai ladabi, don haka tun bai buɗe baki ba na saki igiyar da ke hannuna. Ya ce, "Baba Ɗanjuma, abokinka ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kwana biyar kawai ya yi yana ciwon haƙarƙari, kuma ko jiyan ranar sai da ya tsokane ni, wai na fi shi kama da mai jinya.

Tare muka kama aiki tun lokacin da Turawa suka kafa dutsen iyaka, suka ce nan ƙasar Ingilishi ce, can ta Faransi, alhali geron da ake ci ɗaya ne. Ni mai duba kaya, shi tafinta. Ya ji Fillanci da Buzanci da Larabci, ya tsinci Faransanci da Turanci a bakin shinge, ga shi kuma na'ibin Liman a masallacin unguwarmu. Cutarsa ɗaya ce, tambaya. In baƙo ya sauka, kafin ya gama shan ruwa Malam ya tambaye shi yadda ake ce wa ruwan a garinsu. Yakan ce, "Harshen mutum rijiyarsa ce. Ba ka sanin daɗin ruwanta sai ka zura guga."

A cikin Faransawan da suka kafa dutsen akwai wani mai kula da alfadarai, gajere kakkaura mai baƙar hula faffaɗa, sunansa Manesh. Da 'yan'uwansa suka tafi shi ya zauna yana sayen fatu, ya gina gida a ƙetaren dutsen, jifa ɗaya daga ƙofar Malam. Wata safiya Malam ya ji shi yana yi wa alfadarinsa faɗa da wani harshe da ba Faransanci ba. Ya tambayi kumandan na tsallake, kumandan ya ce shi ma ko kalma ɗaya ba ya ji. Shi ke nan, an sosa wa Malam inda ke masa ƙaiƙayi. Ya ɗauki tawada da alƙalami ya ƙetare dutse.

Da ya dawo fuskarsa kamar wanda aka yi wa haihuwa. Ya ce, "Ɗanjuma, ashe ba mu kaɗai aka raba ba." Mutumin nan Basko ne. Ƙasarsu ta duwatsu ce da tumaki, iyaka ta ratsa ta tsakiya, rabi a hannun Faransi, rabi a hannun Sifaniya, kawunsa na wancan gefe kamar yadda gwaggon Malam take Maraɗi. Harshensu Uskara, kuma ba su da wani suna da suke kiran kansu sai masu Uskara. Shekarunsa da yawa rabonsa da wanda zai amsa masa magana da shi, shi ya sa yake hira da alfadari. Wannan ne ya taɓa zuciyar Malam. Ya ce mini, "Mutum da rai da lafiya, a ce abokin hirarsa mai ƙafa huɗu ne, muna nan kusa? Abin kunya ne gare mu."

Tun daga ranar, kowace la'asar suna gindin tsamiyar bakin dutse, Manesh na faɗa, Malam na rubutawa da ajami. Da Uskara ana ce wa ruwa ur, wuta su, gida ece. Daga sunaye suka shiga al'adu. Malam ya rubuta cewa a can ba a tambayar mutum ɗan wane ne, sai dai ɗan wane gida, don kowane gida da sunansa, kuma sunan yana nan ko masu gidan sun ƙare. Wata rana Manesh ya sa baduku ya ɗinka masa ƙwallon fata, ya ce zai nuna wasan ƙasarsu. Ya dinga dukan ƙwallon da tafin hannu a bangon zauren Malam har yaɓe ya zubo. Ni da a ce zaurena ne da an ji mu har garin Daddara. Malam kuwa sai da ya gama rubuta sunan wasan da ƙa'idarsa, sannan ya miƙa masa kwando ya nuna masa inda ake ɗibar ƙasa. Yini guda Bature yana yaɓe, Malam na zaune yana gyara masa da harshen Uskara.

Amma abin bai tafi a banza ba. Gari ya ɗauka cewa Malam Barmo yana rubuta maganar kafirai da baƙaƙen Alƙur'ani, wasu suka ce ya sayar da kansa ga Faransi. Liman ya kira shi ya ce ya zaɓa, ko tsamiya ko na'ibanci. Malam ya ce bai ga saɓo a cikin sanin sunan ruwa ba. Aka tuɓe shi, ya koma sahu na biyu, bai taɓa fashin salla ɗaya ba. Ni ma, in faɗi gaskiya tunda yau ranar gaskiya ce, ina cikin masu zunɗe. Na same shi na ce, "Kai Barmo, mi ka rasa? Ka zubar da mutuncinka don wani mai jan kunne." Ya yi murmushi ya ce, "Dutsen can bai iya gaisuwa ba, Ɗanjuma. Mu muka iya." Sau ɗaya tak na ga abin ya ci shi. Muna dawowa daga wata jana'iza ya ce mini ba na'ibancin ke damunsa ba, tsoronsa kada ya mutu a bar wa 'ya'yansa sunan uban da ya sayar da kansa. Na ji zafin maganar, amma girman kai ya hana ni ba shi haƙuri.

Ranar jana'izarsa Manesh ya tsaya can nesa, hularsa a hannu. Daga nan ba mu ƙara ganinsa ba, har wani a wurin zaman makoki ya ce, "Kun ga amanar Nasara ke nan." Na gyaɗa kai.

Bayan addu'ar uku sai ga wani manomi daga hanyar Daddara, ya ce akwai Bature a gonar marigayi, kwana uku ke nan yana noma. Lokacin noman farko ne, ciwon Malam ya hana a taɓa gonar, ciyawa ta kusa rufe gero. Muka tashi har da Liman. Muka tarar da Manesh ya yi ja kamar gauta, tafin hannunsa duk ya fashe, ya nome fiye da rabin gonar, kunyoyin a karkace amma babu ciyawa ko ɗaya. Habu ya ce, "Maƙwabci, wa ya sa ka wanga aiki?" Hausar Manesh ta gudu ta bar shi, sai ya ce, "Lehen auzo. Ka duba takardar baba."

Aka ɗauko gafakar Malam, Habu ya laluba har ya sami wurin, ya karanta mana a tsaye a bakin gona. Malam ya rubuta cewa a ƙasar masu Uskara kowane gida yana da maƙwabcin farko, shi ne lehen auzo. In an yi rasuwa, mutanen gida ba sa taɓa aiki, maƙwabcin farko ne zai ɗauki gona da dabbobi a wuyansa ba tare da an roƙe shi ba, ko da suna gaba da mamacin. A ƙasa kuma ya ƙara da hannunsa: "Wannan shi ne haƙƙin maƙwabci da muke karantawa. Na rubuta don 'ya'yana su san cewa Allah bai hana kowace al'umma rabonta na alheri ba."

Liman ya saurara har ƙarshe. Sannan ya juyo ga jama'a ya ce, "Ku shaida, na zalunci Barmo. Habu, ubanku malami ne, kuma ya rasu da mutuncinsa cikakke. Ku yafe mini." Ya naɗe hannun rigarsa ya ce a ba shi fartanya. Kafin azahar mun gama gonar. Ni kunya biyu kacal na nome, bayana ya ce bai san zancen ba, amma ban zauna ba.

Ya Allah, ga bawanKa Barmo ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba mai ɗakinsa Hajara haƙuri, Ka raya Habu da ƙannensa a kan sunan da aka wanke musu a bainar jama'a. Ka dubi maƙwabcinsa, wanda yau ya rasa mai gaishe shi da harshen uwarsa, Ka shirye shi, Ka sanyaya masa. Ni kuwa Ɗanjuma, Liman ya sami 'ya'yan da zai roƙa, amma tawa maganar a fuskar Barmo na faɗe ta, kuma na bari har ƙasa ta rufe shi ban janye ba. Ya Rabbi, Ka sa ya yafe mini tun kafin ya tafi. Amin.