Rhona Petrie da Kujerar Bayan Raga

Duk Asabar ɗin da za a buga wasan ƙwallon ƙafa a garinmu, kafin ƙarfe ɗaya na rana Rhona Petrie ta sauko daga gidanta na bayan tashar masunta, fulas ɗin shayi a hammata, 'yar kujerar katako a hannu. Takan ɗiga mai a ƙofar shiga filin, mai juyawar nan da ke wucewa da mutum ɗaya-ɗaya, ta gwada ta da gwiwa, sannan ta shige ɗan akurkin karɓar tikiti da ko ƙafa ba a iya miƙewa a ciki. Shekara talatin da tara ke nan, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara, kuma Asabar mai zuwa za ta ajiye aikin. A duk tsawon wannan lokaci ba ta taɓa ganin yadda ake take wasa ba, ta bango take jin sa.

Aikin a baki ba wuya: 'yan gida ta ƙofarta, baƙi ta wancan gefen, kada a gwamutsa su. Amma akwai mutanen da suka daɗe suna ɗaure mata kai, masu zuwa da ɗan littafi a aljihu suna bin filayen ƙasar nan ɗaya bayan ɗaya, ba sa goyon bayan kowa. Irin waɗannan ba sa wuce ta sai sun sha tambaya. Wane fili ne ya fi iska? A ina aka fi iya fanken nama? In an ci ƙwallo, murna kuke yi ko jaje?

Wanda har yau ake ba da labarinsa a rumfar sayar da romo ta filinmu shi ne Alasdair Garvie, tsohon direban jirgin ƙasa daga birnin Perth. A watan Disamba ya zo, ranar da muke karawa da maƙwabtanmu masu jar riga, waɗanda tun zamanin kakanni ba ma ga maciji da juna. Sai ga dattijo a bakin ƙofar gida da jan mayafin ulu a wuya.

"Baba, ka yi ɓatan hanya," in ji Rhona. "Ƙofar jajaye tana ta baya."

"Sun ce can ya cika. Ni kuma ba nasu ba ne, ba naku ba ne."

"To wannan na wuyanka fa? Da shi za ka shiga cikin masuntan garin nan? Ai sai su yi miya da kai."

Ya shafa mayafin a hankali. "Ja ne? Na ɗauka ruwan ƙasa ne."

Nan ta dube shi da kyau. Ya ce mata idanunsa ne ke tafiya, likita ya ce da wuya su kai bazara. Filaye arba'in da ɗaya ya zaga, namu ne na ƙarshe, kuma abin da ya wuce taku goma ba ya ganin sa sai dishi-dishi. So yake ya ga ƙwallo ta shiga raga da idonsa, ko sau ɗaya, kafin a rufe littafin.

Rhona ba ta tsaya yi masa jaje ba. Ta kulle ƙofa, ta fito, layi ya hau gunaguni.

"Inna Rhona, za a take wasa fa," in ji Fergus mai gyaran komar masunta.

"A take mana. Kai da ka san 'yan bayanmu, me kake saurin gani? Zo nan ka riƙe masa hannu."

Ta cire mayafinta mai ruwan toka ta naɗa wa dattijon, ta cusa nasa a aljihunta. Ta ɗauki kujerarta ta kai shi can jikin shinge, daf da bayan mai tsaron gidanmu.

"Me ya sa nan?" ya tambaya.

"Ƙwallo kake son gani a raga, ko ba haka ba? Na san yaranmu. Zauna, ba za ka daɗe kana jira ba."

Kafin a tafi hutun rabin lokaci an zura mana uku. Garin nan kaf ya koma gida rai a ɓace, har da ni mai ba ku labari, ita kuwa a tsaye ta ƙarasa aikinta da ƙafafunta masu ciwo. Fergus ya rantse cewa a ta uku dattijon kuka ya yi, 'yan gida suka ɗauka takaici ne, har wani ya miƙa masa kofin romo yana ba shi haƙuri.

A watan Afrilu wasiƙa ta zo da rubutun 'yarsa, domin shi ya daina rubutu. "Baba ya ce a gaya wa matar ƙofa, raga ta motsa sau uku, kuma duk ya gani."

Rhona, ke ce mai ƙofar da ba ta taɓa ɗaukar mutum a matsayin tikiti ba. Ke ce kika tsaya kika tambayi baƙo abin da ya kawo shi, kika jira amsa. Mun gode, kuma za mu yi kewarki ƙwarai. Duk wanda zai gaji akurkin nan, da duk mai tsaron wata ƙofa a ko'ina, ya koyi ɗaga kai ya dubi wanda ke gabansa. Mu kuwa, ranar Asabar a zo da wuri, a ajiye mata wurin zama a sahun gaba. Bari matar nan ta ga yadda ake take wasa.