Tanimu da Sharar Inji

Duk wanda ya taɓa zama a shagon marigayi Malam Tanimu a Samaru ya san halinsa. Kafin ya buga manhajarsa a faifan sidi, sai ya naɗe hannun riga ya goge duk fayil ɗin da ba shi ya rubuta da yatsunsa ba. A aikinmu akwai abin da mutum ke rubutawa, akwai kuma wanda kwamfuta ke haɗawa daga rubutun nan, wanda sai da shi manhaja ke tashi. Wannan na biyun shi Tanimu ke kira sharar inji.

Ni taubashinsa ne, sana'armu kuma ɗaya, don haka ba na raga masa.

"Haba tsoho, bar wa mutane fayilolin nan mana!"

"A'a. Gobe in gyara layi ɗaya, in manta ban sake haɗawa ba, a ce Tanimu bai iya aiki ba. Kowa ya haɗa nasa."

"Da wane kayan aikin?"

"Su sauko da shi daga intanet."

Intanet ɗin Zariya ta wancan lokacin! Shi kansa na gan shi ya yini a shagon intanet yana jiran kayan nan su sauko, saura ƙiris aka ɗauke wuta. Ya miƙe ya kaɗe riga ya ce, "To ka gani, laifin wuta ne. Tsarina lafiya lau."

Wadda ta yi maganinsa ita ce Madam Ngozi, mai makarantar firamare a Sabon Gari. Ta karɓi manhajarsa mai fitar da sakamakon jarabawa, ranar Laraba abu ya ƙi tashi, ga iyaye za su zo ranar Juma'a. Sai ga ta a kan acaɓa.

"Oga Tanimu, dis your CD no gree o! Jibi in ba iyayen yara me?"

Na ce masa aikin minti biyar ne, ya sa mata fayilolin. Ina! Bawan Allah ya ɗaure kwamfutarsa sukutum a bayan Basfa, ya tuƙa har Sabon Gari don ya haɗa mata a can. Ya gama ya fito, babu makullin Basfa. Ashe Madam ce ta zauna a kan makullin.

"Zango mai zuwa fa? In sake hawa acaɓa? Sai ka sa su a sidi za ka tafi."

Ya sa, yana ƙunƙuni. Amma ya rubuta a jikin faifan da manyan baƙaƙe: "Rabin abin nan ba ni na rubuta ba. Tilasta ni aka yi." Sakamako dai ya fita ranar Juma'a.

Shekarar da ciwo ya kwantar da shi a asibiti can Shika, na shirya sabon faifai, na goge fayilolin injin kaf yadda yake so, na kai masa ina jiran yabo. Ya saurare ni ya girgiza kai.

"Mayar da su. Ka haɗa da takardar da ta nuna yadda ake sake haɗawa."

"Kai ne kuwa, Tanimu?"

"Akwai makarantu a Zabi da Basawa. In ta ƙi tashi, wa zai je musu?"

Wallahi sai da na juya baya, don hawaye sun zo mini. Faifan nan ya tashi a kowace makaranta, ba wanda ya sake nemanmu.

Allah ya jiƙanka, taubashina. Yadda ka sauƙaƙa wa mutane, Allah ya sauƙaƙa maka kwanciyar kabari.