Ƙwayar Basira Ta Kai Ni Ta Baro

Jama'a, yau na sha ƙwayar basira, ku ji yadda muka ƙare!

Yau ce jarrabawar ƙarin girma ta malaman firamare a Gumel. Shekara shida ina mataki ɗaya. A tasha Iliya direba ya miƙo mini ƙwayoyi jajaye daga kasuwar Maigatari, kwalin duk Faransanci.

Ya ce, "Malam Sabo, rabi ake sha."

Na haɗiye biyu.

Ina zama a ɗakin jarrabawa kaina ya buɗe tar! Biro na gudu, gumi na zuba, ina ta murmushi. Sau uku ina neman ƙarin takarda. Na kusa da ni duk hankalinsu ya tashi.

Da lokaci ya cika, Madam Rifkatu mai sa ido ta karɓi takarduna. Ta juya, ta sake juyawa.

Ta ce, "Malam, shafi tara! Ina amsoshin?"

Na ce, "Ga su nan, Madam."

Ta ce, "Ai wannan duk amsar layin farko ce, wurin suna da gari."

Ashe tarihin garinmu Gagarawa na rattabo, tun daga kakan kakana. Ko tambaya ɗaya ban karanta ba!