Ƙunshin Goggo Ladi da Na Kwance

A wannan watan mahaifiyata, Inna Asabe, ta cika shekara ashirin da uku da rasuwa. Kowace shekara ƙannena sukan ce in rubuta wani abu a kanta tunda ni ce 'yar bokon gidan, kowace shekara kuma sai in kawo musu uzuri. Gaskiyar magana ba lokaci na rasa ba. Kunya ce ta riƙe mini hannu, don ba yadda zan faɗi ko wace ce Inna ba tare da na faɗi abin da na yi mata ba.

Tsofaffin unguwarmu Briqueterie, a Yaoundé, sun san ta da Asabe mai bargo. Bargon ƙyallaye take ɗinkawa. Takan ɗauki buhu ta bi shagunan teloli tana kwashe ragowar yadin da suka yanke, ta zo gida ta wanke, ta goge, ta ɗora wani guntun kwali mai kusurwa huɗu ta yanka su daidai da tafin hannu. Daga nan ta jera su layi-layi a keken ƙafa, ta shimfiɗa tsohon zane a ƙasa, ta bi da allura da hannu. Wanda ya san sanyin damina a Yaoundé ya san amfanin abin.

Da shekarun kiriz, wato matsin tattalin arziki, suka shigo, aka zaftare albashi, kuɗin sefa ya karye, sai aikinta ya ƙaru. Matan ma'aikata daga unguwar Tsinga, waɗanda da can sai bargon kanti, suka fara gangarowa da tsofaffin zannuwansu a jaka, suna magana ƙasa-ƙasa kamar masu neman magani. Inna takan riƙe aiki shida ko bakwai a lokaci guda, alhali ko baƙi ɗaya na boko ba ta sani ba.

Ga yadda take yi. Kowane aiki yana da ƙunshinsa, a ɗaure cikin zane ko ɗankwalin da mai kayan ta kawo su, don haka da ganin ɗaurin ta san mai shi. Ƙulli ɗaya, ba a yanka ba tukuna. Ƙulli biyu, an yanka ana jiran keke. Ƙulli uku, saura aikin hannu. Da safe, lokacin da idonta yake garau, sai ta ɗauki mai ƙulli uku. Bayan azahar ta hau keke. Yanka kuwa sai ranar da ta ji bayanta ba zai iya zaman keke ba. Doka ɗaya ce ba ta karyawa: ba a buɗe ƙunshi biyu a lokaci guda. Sai ta ɗaure wannan, ta share tabarma tas, sannan ta jawo wancan.

Ni a lokacin ban ga tsari a ciki ba, tsummokara na gani jibge a gindin bango da ƙarƙashin gado. Ina sakatariya a biron wani kamfani, wato ofis, aka rage ma'aikata, na dawo gida da takardar shaidar karatuna da girman kaina, su kaɗai suka rage mini. Ina cin tuwon da keken Inna ya kawo, ina kallon ɗakinta ina yatsina fuska. Na sha ce mata, "Inna, a biro da haka muke aiki da tuni an kore mu." Ita kuwa sai ta ce, "To ai an kore ku ɗin," ta ci gaba da taka kekenta.

Sai aka yi mata rasuwar yayanta a Ngaoundéré, ta hau jirgin ƙasa ta tafi gaisuwa, kwana tara. Na ce yau zan nuna wa tsohuwa amfanin karatu. Na je kasuwar Mokolo na roƙo kwalaye wajen masu sayar da sabulu, na dawo na kwance ƙunshin nan gaba ɗaya a tsakar ɗaki. Na ware shuɗi waje ɗaya, fari waje ɗaya, atamfa mai fure waje ɗaya, na rubuta sunan kowane launi da Faransanci a jikin kwali. Zannuwan ɗaurin ma na wanke su na ninke. Kwana biyu na yi ina wannan aiki, kuma wallahi da na gama har tsayawa na yi a bakin ƙofa ina yaba kaina.

Cikin abin da na kwance akwai ƙunshin Goggo Ladi, maƙwabciyarmu. Mijinta, Malam Sule mahauci, bai daɗe da rasuwa ba. Rigunansa masu kyau an raba wa magada, wasu an bayar sadaka. Abin da ya rage su ne waɗanda suka ƙoɗe, shuɗiyar shadda da fara, waɗanda ba wanda zai karɓa. Su ta tattaro ta kawo wa Inna, ta ce a yi mata bargon da za ta riƙa lulluɓa da shi. Inna ta riga ta yanka su, ƙunshin yana da ƙulli biyu. Ni kuma na zuba su cikin shuɗi da farin mutanen gari, duk yankan kwali ɗaya, duk girma ɗaya.

Ranar da Inna ta dawo ko jakarta ba ta ajiye ba. Ta dubi gindin bango, ta dubi kwalaye, ta ce, "Zainabu, ina ƙunshin Ladi?" Na nuna mata kwalin shuɗi da na fari ina murmushi, ina jiran a sa mini albarka. Sai kawai ta zauna a ƙasa daɓas, da mayafin tafiyar a jikinta.

Kwana uku ta yi tana tsince. Ta ɗauki ƙyalle ta murza tsakanin yatsu, ta kai hanci ta shinshina ko za ta ji turaren marigayin, ta ɗaga shi a hasken taga. Na atamfa ba su ba ta wahala ba, ta san zanen kowace mace. Shadda ce ta gagara. Waɗanda ta tabbatar na Malam Sule ne ba su kai rabi ba. Da na ga abin ya ƙi ƙarewa sai na buɗe baki na faɗi maganar da har yau in na tuna nake jin zafi a fuskata. Na ce, "Inna, ki cika da kowane shuɗi mana, ai ba za ta gane ba." Ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Ita ba za ta gane ba. Ni fa?"

Ta aika aka kira Goggo Ladi. Ina bayan labule, ina jin komai. Inna ta ce, "Ladi, kayan Malam sun cakuɗe da na mutane a hannuna. Ga abin da na iya tsamowa, sauran ba zan rantse a kansu ba. Ki yi haƙuri, tsufa ya fara kama ni." Na jira in ji sunana, ban ji ba. Labule kawai zan ɗaga in ce ni ce, amma ban ɗaga ba. Goggo Ladi ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗaure 'yan ƙyallayen a bakin zanenta, ta ce, "Amana na ba ki, Asabe," ta fita.

Unguwarmu gida a jikin gida take, magana ba ta kwana wuri ɗaya. Kafin sati ya zagayo an ji a bakin famfo, an ji a gidan suna, cewa Asabe mai bargo ta fara ruɗewa, tana haɗa kayan mamaci da na masu rai. Mata suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna karɓar kayansu, kowace da ɗan dalilinta. Wannan a shekarun da keken nan ne yake ciyar da gidanmu duka, har da ni. Ƙarshe sai da Inna ta kafa kasko a ƙofar gida tana suyar ƙosai, mace da hannunta ya saba da allura.

Me ya hana ni magana? Na daɗe ina ce wa kaina ita ta zaɓi ta rufa mini asiri, in na tona na watsa mata ƙasa a ido. Ƙarya ce. Tsoro nake ji a ce 'yar bokon da aka kora daga biro ko tsumma ba ta iya tsarawa ba. Na gwammace a ce uwata ta ruɗe. Ita kuma har ta koma ga Allah ba ta taɓa tayar mini da zancen ba, ko da wasa, kuma hakan ya fi mari ciwo.

Yau in na ratsa Mokolo nakan ga barguna na waje cikin leda, tsibi-tsibi, masu arha, ƙyallayen teloli kuma a kwata ruwa yana tafiya da su. Na san da Inna tana nan da ta tsaya ta taɓa bargon, ta juya bayansa ta duba ɗinkin, ta yi tsaki, sannan ta sunkuya ta tsince ƙyallayen. Kwanaki 'yata ta nuna mini a waya wasu matan ƙasashen waje masu irin wannan sana'a, suna koyar da cewa kowane aiki a ba shi akwatinsa, kada a haɗa. Ina jin da Inna ta gani dariya za ta yi, ta tambayi nawa akwatin, ta ce ai tsohon ɗankwali ya ishe su. Ni kaina daga baya na sami wani aikin ofis, har na yi ritaya ana yaba mini tsari. Duk yarinyar da aka kawo in koya wa aiki, abu na farko da nake gaya mata shi ne kada ta buɗe dosiye, wato fayil, biyu a tebur ɗaya. Ko sau ɗaya ban faɗi inda na koyo ba.

In aka tambaye ni abin da ya rage na Inna, bargunanta sun yayyage, keken ya yi tsatsa a ɗakin ƙanina. Abin da bai lalace ba shi ne ta yarda ta rasa masu kawo mata aiki da ta lulluɓe bazawara da rigar wani ta ce ta mijinta ce. Amma sunanta a unguwa ya tafi da tabo, kuma ni na sa shi.

Shi ya sa makon jiya na je Tsinga, gidan ɗan Goggo Ladi, inda take zaune yanzu. Ta tsufa ƙwarai, ido ya yi rauni, amma ta gane muryata. Bayan gaisuwa na durƙusa na faɗa mata komai, tun daga kwalayen sabulu har bayan labule. Na zaci za ta ce ya wuce, Allah ya yafe mana. Can ta ce, "Zainabu, shekara da shekaru ina gaya wa mutane uwarki ta ruɗe. Ranar da ta rasu ma da ƙyar na shiga gaisuwa. Ke kin same ni kin roƙa. Ni yanzu wa zan je in roƙa?"

Abin da ya rage a hannuna shi ne wannan shafin. Duk wanda ya taɓa ji, a bakin famfo ko a bakin kakarsa, cewa Asabe mai bargo ta ruɗe a ƙarshen rayuwarta, to ya sani ba ta ruɗe ba. Hankalinta garau yake har ranar da aka fita da ita. Ya yi mata addu'a, Allah ya haskaka makwancinta. Ni Zainabu, 'yarta ta fari, ni na kwance ƙunshin, ina tsaye a bayan labule ta ɗauki laifin.