Ƙarfen Dogon da ke Jikin Mangwaron Malama Afiniki

Ku matso ku zauna, ga tabarma, in ba ku labarin Malama Afiniki ta Kafanchan da ƙarfenta.

Mahaifinta Injiniya Azariya ne, wanda tsofaffi ke cewa idan kan jirgin ƙasa ya ƙi tashi, sai an kira shi. Cikin 'yan ƙasa yana cikin na farkon da suka riƙe aikin gyaran jiragen. Ranar da Afiniki ta fara koyarwa a makarantar mishan, ya zo da guntun ƙarfen dogo a kan keke, ya rataya mata a reshen mangwaro. Shi ya zama ƙararrawar makaranta. Ta koyar har furfura ta fito, ta yi ritaya, amma gidanta na jikin makarantar, don haka har yau ita ke buga shi kowace safiya.

To, sai gari ya tashi yin bikin tuna zamanin jirgi da karrama marigayi Injiniyan. Aka share tasha, matan zumuntar coci suka ɗinka anko, har daga Kachia da Godogodo motoci ke sauke mutane. Shugaban kwamiti, Dickson, tsohon ɗalibinta, ya zo ya durƙusa ya roƙi ƙarfen. Wai za a sa shi cikin gilashi a tasha, ya zauna can ke nan.

Ta zauna tana auna zancen. In ta ƙi, a ce ta hana a karrama ubanta. In ta ba da, mangwaron ya yi shiru. Ta ce a kai shi, amma sai ta buga shi tukuna a gaban jama'a.

Ranar biki ana tsakar kiɗa ta ɗaga guduma ta kwaɗa. Kangarang! Jama'a, ku zo ku ga manya! Rabin taron ya miƙe zumbur, ashe duk tsofaffin ɗalibanta ne. Wani fasto ya ɓoye gyaɗarsa a aljihu. Dickson, da tumbinsa da komai, ya soma cusa riga cikin wando.

"Dickson, yau ma ka makara," in ji ta.

Tasha ta ɗauki dariya da guɗa. Dickson ya share hawaye ya ce, "Mama, wannan ba na gilashi ba ne. Gobe ya koma bakin aiki."

Da kafaɗa tsofaffin ɗalibanta suka mai da ƙarfen jikin mangwaron, suna waƙa. Ku fa, wace ƙara ce za ku ji yau ku miƙe ba shiri?