Tsohuwa da Ungulu Uku

A bayan mayanka, direban motar nama yana jiran lodi, idonsa na kan wata tsohuwa mai wankin kayan ciki. Gajeriya ce, ta ci ɗamara, hannayenta duk kanta, ga wani tsohon tabo a ƙwaurinta kamar cizon kare. Tana wanke tumbi, tana jefa wa ungulu uku guntaye a kan katanga.

Sai ga wani mutum da tarko da buhu, yana sanɗa. Tsohuwa ta miƙe, wuƙa a hannu.

"Ɗan nan, ina zuwa?"

"Haba Iya, ƙazamin tsuntsu ne fa!"

"Ƙazami? Lokacin da suke cika katangar nan, mushe bai taɓa kwana ba. Kuka ƙarar da su, karnuka da ƙudaje suka gaje wurin. Ukun nan kaɗai suka rage."

Direba ya sake duban tabon, yana tunanin ko ita kaɗai karen ya ciza, ko har da wani nata da ta binne.

Ta ja kujerarta ta dasa a gindin katangar, ta dubi mai buhu.

"In ka kwashe su, kai za ka cinye mushen?"